Shin mayaƙan da suna tsoron mutuwa?

Wani saurayi daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana cikin masu hawa bayan Lamiɗo ranar Sallah, kuma takobin da yake ratayawa ya gada ne daga kakan mahaifinsa. Abokansa na ce masa wai mutanen da can ba su san wani abu tsoro ba, jarumin ƙwarai shi ne wanda ya fita yana neman mutuwa ido rufe. Shi ne yake so ya ji ko gaskiya ne, ya kuma ji yadda suke aiki da takobi, da abin da ke ransu in an ja daga.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya maimakon ka hau kan zancen majalisa. Suna jin tsoro, sosai ma kuwa. Ba sai ka buɗe littafi ba, kayan da suka bari sun isa shaida. Wanda mutuwa ba ta dame shi ba, me zai sa ya zuba dukiyarsa a kan sulke? Me zai sa ya ɗinke riga da layu tun daga wuya har gwiwa, ya sha rubutu, ya nemi maganin ƙarfe, ya lulluɓe kansa da dokinsa cikin lifidi a zafin nan na Marwa? Duk wannan shirin mai son komawa gida ne ya ga 'ya'yansa. Haka nan ba don ado kaɗai sarakuna ke jan makaɗa da mabusa zuwa fagen fama ba. Tambari da kakaki da maroƙin da ke kiran sunan uban mutum da na kakansa, aikinsu su riƙe ƙafar da ke son juyawa.

Ga misali daga ƙasarku. A 1823 wata runduna ta taso daga Kukawa ƙarƙashin Barka Gana, babban Kacallan Shehu Laminu na Barno, tare da Larabawan Fezzan masu bindiga da shugabansu Bu Khalum. Suka biyo ta Mora, mahayan Sarkin Mandara suka haɗu da su, aka nufi wani garin Fulani da ake kira Musfaya. Akwai wani Baturen Ingila a cikinsu mai suna Denham, shi ya rubuta abin da ya gani. Fulanin suka fake bayan shingen itace mai tsini suna sakin kibau masu dafi, mata na gangaro da duwatsu daga kan tudu. Dawakai suka fara zubewa, shi kansa Barka Gana doki fiye da ɗaya aka harbe yana kai. Da mahayan Fulani suka fito suka kawo sukuwa, sai rundunar nan mai sulke da kwalkwali ta watse, kowa ya yi ta kansa. Bu Khalum dafin kibiya ya kashe shi a kan hanya, Baturen kuwa tsirara ya sha da ƙyar. Kuma ba ragwaye ba ne, don shi wannan Barka Ganan yana cikin waɗanda suka karya rundunar Bagarmi a Ngala a 1824. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tsofaffin mayaƙa sun fi kowa sanin haka, shi ya sa ba su cika yi wa wanda ya taɓa gudu dariya ba, sai dai yaran da ba su taɓa jin ƙarar kibiya ta wuce kunnensu ba.

Yanzu ɗauko takobin. Ka zauna inda babu yara, ka zare shi a hankali daga kube, ka ɗora a cinya. In irin wanda ya yaɗu tsakanin Hausawa da Fulani da Buzaye ne, za ka ga ruwansa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, bakinsa na ƙarshe ya ɗan zagaye, ba ya da tsini kamar mashi. A tsakiya akwai zane da aka kwarzana ya bi tsawon ruwan. Mai zane uku shi ake kira tamogashi. Wani lokaci za ka ga tambarin maƙera kusa da inda zanen ya ƙare, galibi siffar jinjirin wata guda biyu. In kuwa ya fito daga gabas ne, wajen Wadai ko Darfur, to kaskara ne, ƙarfen da ya gitta a gaban mariƙinsa ya fi tsawo, kubensa kuma yana buɗewa wajen ƙarshe. Da yawa daga ruwan takubban nan ba a nan aka ƙera su ba. Daga Solingen ta ƙasar Jamus suke fitowa, su sauka Tarabulus, raƙuma su ratsa Sahara da su. Barth, Bajamushen matafiyi da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shiga birnin duk shekara, maƙeran Kano su sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube, fatake su bazu da su har Adamawa. Akwai kuma ƙirar gida daga tamar da a da ake narkawa a duwatsun Mandara, wadda wani lokaci maƙerin kan kwaikwayi tambarin na waje don ya yi daraja a kasuwa. Saboda haka kada ka kai shi wajen mai injin wasa wuƙa, zai cinye maka zanen da tambarin cikin minti kaɗan. Tsumma da ɗan mai sun ishe shi, a ajiye shi inda ba laima.

Siffarsa ita ke gaya maka yadda ake aiki da shi. Baki mai zagaye na nufin makamin sara ne, sukan aikin mashi ne. Ƙarfen da ke gaban mariƙi ƙarami ne, ba ya rufe hannu, wato ba a yi shi don tare saran wani ba. Tarewa aikin garkuwa ne, wadda ake yi da fatar warwaji ko ta giwa ko ta sa, sai kuma sulke da ke ƙarƙashin riga. Abin nan da kake gani a fim, mutum biyu su tsaya suna ta buga kaifi da kaifi har wuta na tashi, da mayaƙin da can ya gani da ya riƙe baki, don haka ake lalata takobi. Faɗan takobi na gaske gajere ne, sara ɗaya ko biyu an rabu, ko dai wani ya faɗi ko dawakai sun wuce da su.

Gwanintar tana cikin wuyan hannu. Dole kaifin ya sauka a miƙe daidai da hanyar saran. In hannu ya ɗan karkace ko da kaɗan ne, faɗin ruwan ne zai bugi abu, takobin ya lanƙwashe ko ya fice daga hannu, wanda aka sara kuma ya juyo da rai da fushi. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen ruwan shi ke yin aiki, kuma ba dannawa ake yi ba, ana sara ana ja ne, don kaifin ya yanka. Wanda ya damƙe mariƙi da ƙarfinsa duka tun kafin a haɗu, hannunsa zai sandare, ya gaji kafin a fara. Riƙon sassauƙa ne har zuwa lokacin da kaifi zai taɓa. A kan doki kuwa gudun dokin shi ke ba sara nauyi, mahayi saiti kawai yake yi, yana kuma lura kada ya datse kunnen dokinsa ko ya yanke linzami, domin hannun hagu na riƙe da linzami ga kuma garkuwa.

Wani abin da samari ba su cika sani ba shi ne takobi ba shi ne makamin farko ba. 'Yan baka ke buɗe yaƙi, kuma kibiya mai dafin kwankwani ta kashe mutane a ƙasashen nan fiye da takobi nesa ba kusa ba. Barde yana shiga da mashi ne, ya jefa na jifa, ya soka da na suka. Sai an cakuɗe, ko mashi ya karye ko ya maƙale, ko abokan gaba sun juya ana bin su, sannan hannu ke zuwa ga hamila. In doki ya faɗi aka koma kokawa a ƙasa, wuƙar da ke ɗaure a damtse ita ce ta ƙarshe. A kudancin Cadi da bakin Logon kuwa akwai masu wuƙar jifa mai rassa, wadda ke iya sare ƙafar doki daga nesa, mahaya suna shakkarta ƙwarai.

Rabin gwanintar barde a jikin dokinsa take. Jahin da kuke yi gaban Lamiɗo, a sako dawakai a guje a zo a ja linzami su tsaya cak ana ɗaga makami, horon yaƙi ne ya zama gaisuwa. Sirdi mai tudu gaba da baya don kada mahayi ya fice in an yi karo aka yi shi, linzamin nan mai zafi kuma don doki ya tsaya ya juya nan take. 'Yan lifida su ne bangon runduna, kibiya ba ta cika ratsa audugar da aka cusa ba, amma nauyin ya sa ba a hawa sai an ɗora mutum, doki ba ya nisa da shi, in ya faɗi tashi sai da taimako, in kuma wuta ta kama lifidin to sai dai Allah ya kiyaye. Shi ya sa barde ba ya rabuwa da zagage da dakarun da ke kewaye da shi. Kirari sunan mutum ɗaya yake kira, amma mutane da yawa ne suka kai shi suka dawo da shi. Tunda kuma kana ɗaga takobi a cikin taro, ka riƙe hadisai biyu: Manzon Allah (SAW) ya hana a miƙa wa wani takobi a zare, ya kuma ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku na tsine masa har ya daina. A wajen jahi ka bar tazara tsakaninka da na gefenka kafin ka zare, ka mayar kube kafin ka juya cikin mutane.

To in suna tsoro, me ke tsayar da su?

Babban abu shi ne sun gama magana da ajali tun daga gida. Kowane almajiri ya san ayar Ali Imrana ta 154, wadda ta sauka kan Uhudu, cewa ko da kuna cikin gidajenku, waɗanda aka rubuta wa kisa sai sun fita zuwa makwantansu. Wannan imani yana da aiki a jiki, kuma duk mahayi zai gane abin da nake nufi. Mai lissafin ransa a tsakiyar fage idonsa na ko'ina amma ba ya ganin komai, numfashinsa ya gajarce, cinyoyinsa su matse doki, dokin ya ji tsoron mai shi ya fara turjiya. Wanda ya riga ya miƙa wannan lissafi ga Mai shi, hankalinsa ya samu sarari, yana ganin inda sahu ya ɓalle, yana jin kiran shugabansa, hannunsa a sake. Tsoron na nan, amma ba shi ke riƙe da linzami ba. Don a kai ga haka ne mutum kan biya bashi kafin ya fita, saboda hadisin da ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ya bar wasiyya, ya nemi izinin iyaye da gafararsu, ya yi sallama da iyali. Wanda ya bar rigima a baya, rabin zuciyarsa na gida.

Amma yarda da ajali daban, neman mutuwa daban, kuma a nan ne abokanka suka ɓata hanya. Hadisin da ake yawan yanko ƙarshensa, cewa Aljanna tana ƙarƙashin inuwar takubba, farkonsa cewa ya yi kada ku yi burin haɗuwa da abokan gaba, ku roƙi Allah zaman lafiya, in kuwa kun haɗu da su to ku yi haƙuri. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi haka. Wanda ya faɗi wannan magana, ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Akwai kuma mutumin da ya yi yaƙi har sahabbai suka ce ba wanda ya kai shi, Manzon Allah (SAW) ya ce ɗan wuta ne. Da aka bi shi sai aka ga ya ji rauni, ya kasa jurewa, ya kafa mariƙin takobinsa a ƙasa ya danna ƙirjinsa a kai. Halidu ɗan Walidu kuwa, wanda jikinsa ba wurin da ba tabo, a kan shimfiɗarsa ya rasu. Mutuwa ba ta zuwa don an kira ta, ba ta kuma fasawa don an ɓuya.

Ba zan ce maka duk mahayan Fombina (wato Adamawa) da Barno da Bagarmi wannan tauhidi ne kaɗai ya tsayar da su ba. Akwai kunya, kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Tsoro na daji, kunya na gida. Wanda ya yi wa kansa kirari gaban Lamiɗo da daddare, ya ce gobe shi ne zai fara taɓa ganuwa, ya ɗaure kansa da bakinsa, don in ya juya zai dawo garin da 'yan mata za su sa shi a waƙa, maroƙa su yi shiru in ya wuce. Akwai kwaɗayin ganima da na sarauta, doki da riga daga hannun sarki. Akwai kuma bayin sarki, waɗanda a lamidoci da yawa su ne ƙashin bayan runduna, ba wanda ya tambaye su ko suna so. Malamai sun san da wannan cakuɗa, shi ya sa suke yawan karanta hadisin mutanen da za a fara yi wa hisabi, cikinsu har da wanda aka kashe a fage, ya ce don Allah ya yi, a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce jarumi ne, kuma an faɗa. A ganina wannan hadisi ya fi kowane makami tsorata mayaƙin da ya san abin da yake yi, don yana nufin mutum na iya ba da ransa ya tashi a tutar babu.

Ja da baya ma yana da hukunci, ba a bar shi ga zafin zuciya ba. Risala, littafin fiƙihun nan da ake karantawa a zaurukan Marwa da Garwa da Abeche, ta ce gudu daga abokan gaba yana cikin manyan zunubai in yawansu bai wuce ninki biyu na Musulmi ba, in sun wuce haka ba laifi. Suratul Anfali ta keɓe mai juyawa don dabarar yaƙi da mai komawa ga wata ƙungiya. A Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, mutum 3,000 suka tarar da rundunar da ta ninka su sau da yawa. Zaidu ya faɗi, Ja'afaru ya faɗi, Abdullahi ɗan Rawaha ya faɗi. Halidu ya karɓi tuta, takubba tara suka karye a hannunsa ran nan, sannan ya yi dabara ya janye rundunar ya kawo ta Madina. Wasu suka tare su suna ce musu magudana, Manzon Allah (SAW) ya ce a'a, masu komawa ne in Allah ya so. A wannan yaƙi ne aka kira shi takobi daga takubban Allah. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kwatanta da abin da ya faru a Barno bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Shehu Kiyari ya tara mutane ya gamu da shi a Gashegar, ya kuma yi nasara a karon farko har ya ci sansaninsa. Rabe bai tsaya ya mutu a wurin don a yabe shi ba. Ya ja baya, ya tattara mutanensa, ya sa aka yi wa masu tutocinsa bulala ɗari-ɗari har da ɗansa Fadlallah, ya dawo ya karya Barebari. Kiyari ya ƙi gudu, aka kama shi aka kashe. Ina girmama tsayuwar Kiyari, amma abin da ya ci yaƙin tsari ne da horo. Rundunar Rabe a rabe take tuta-tuta, kowace da shugabanta da bindigoginta, ana yi musu atisaye, ana hukunta mai saɓawa. Wannan ba yabon Rabe ba ne. Mutanen Barno da Bagarmi ba su manta da abin da ya yi musu ba, kuma Hayatu ɗan Sa'idu, wanda ya zauna a Balda nan kusa da ku ya haɗa kai da shi har ya auri 'yarsa, a hannun mutanen Raben ya mutu a 1898. Shi ma Raben ranarsa ta zo a Kusuri, 22 ga Afrilu 1900, lokacin da rundunonin Faransa uku suka haɗu a kansa, ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta Damagaram, ɗaya ta taso daga Kwango ta bi Shari. Aka kashe shi aka sare kansa, kwamandan Faransawan, Lamy, shi ma ya mutu a ranar, aka sa wa garin da ke tsallaken kogi sunansa har zuwa 1973 da ya koma Njamena.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙofar gidanku. Turawan Ingila sun ci Yola a Satumban 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice bai miƙa wuya ba. Ya gwabza da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba, bai yi nasara ba, ya wuce Marwa inda Lamiɗo Ahmadu Rufa'i ya karɓe shi. A Janairun 1902 hafsan Jamus Hans Dominik ya iso da sojoji 'yan kaɗan da bindiga mai ruwan harsashi, aka haɗu a wajen Miskin. Mutanen Diamare, wato yankin Marwa, suka yi abin da suka gada, suka tunkari wuta da mashi da takobi, sahu na faɗuwa wani na biyowa, ɗaruruwa suka kwanta a filin, mafi yawansu ba su kai inda takobi zai yi amfani ba. Zubairu ya tsira, ya yi ta yawo a duwatsu har aka kashe shi a 1903. Ba mamaki kakan mahaifinka ko wani nasa yana wurin. Babu mai bakin da zai ce waɗannan mutane ba jarumai ba ne, Allah ya jiƙansu. Sai dai ranar ta nuna iyakar zuciya, cewa duk ƙarfinta ba ta tare harsashi, kuma shugaban da ya tura mutanensa cikin abin da bai fahimta ba akwai tambaya a kansa.

A Sakkwato da Kano manya sun rabu kan wannan tambaya, kuma dukansu masu ilimi ne. Wazirin Kano Ahmadu ya tsaya a Kwatarkwashi a Fabrairun 1903 ya mutu, har yau Mai Shahada ake ce masa. Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ya zaɓi hijira zuwa gabas, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya faɗi tare da jama'a masu yawa. Waziri Buhari kuwa ya komo gari ya zauna da Turawa don kada talakawa su rasa mai tsaya musu, kuma abin ya dame shi har ya nemi fatawar malamai ya rubuta dalilinsa. Ni ban iya cewa na ukun ya fi sauran ƙarancin zuciya ba. Ɗaukar zargi shekara da shekaru don wasu su rayu, wani nauyi ne da ba kowane barde ke iya ɗauka ba.

Saura abu ɗaya, wanda a wurina shi ne ma'aunin mai takobi, wato ya san inda zai tsayar da hannunsa. Ranar Uhudu Manzon Allah (SAW) ya ɗaga takobi ya ce wa zai karɓe shi da haƙƙinsa. Abu Dujana ya karɓa, ya ɗaura jan ƙyallensa, ya shiga yana taƙama. A tsakiyar yaƙi ya ɗaga shi kan wani mai zuga mutane, sai ya ga mace ce, Hindu 'yar Utba, ya janye hannunsa, ya ce ya girmama takobin Manzon Allah da ya sari mace da shi. Ka tuna abin da na ce maka game da nauyin sara in ya taso, sannan ka auna irin mallakar kai da ake buƙata a tsayar da shi a sama. Usama ɗan Zaidu kuwa da ya soke mutumin da ya yi kalmar shahada, yana ganin tsoron makami ne ya sa shi faɗa, an tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne, aka yi ta maimaita masa har ya yi burin da ma ran nan ya musulunta. Wasiyyar Abubakar ga rundunar Sham tana cikin Muwaɗɗa: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini, kada a yanka dabba sai don ci.

Da wannan ma'auni dole mu faɗi gaskiya kan namu. Yaƙe-yaƙe da yawa na ƙarni na 19 a ƙasar nan samamen bayi ne, a kan mutanen duwatsun Mandara da na bakin Logon da na kudancin Ngaundare. Hamman Yaji, sarkin Madagali, da bakinsa ya sa aka rubuta hare-harensa tsakanin 1912 da 1927, yana ƙirga mata da yara da shanun da aka kamo. Jikokin waɗanda aka kai wa harin su ne maƙwabtanka a Marwa, tare kuke cin kasuwa. Faɗa wa ƙauye da asuba a kan doki ba ya buƙatar jarumta, kuma in kana alfahari da takobin gidanku, wanda haƙƙinka ne, ka haɗa da sanin wannan.

Dalilin da ya sa na tsawaita shi ne maganar abokanka ba sabuwa ba ce a kunnena, kuma mun ga inda take kaiwa. Da irinta aka ja samari daga Kolofata da Amchide da Fotokol da tsibiran tafkin Cadi, aka ce musu son mutuwa shi ne imani. A Yulin 2015 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa bam aka turo babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare, wata guda bayan an kai irin wannan hari Njamena. Wanda ya ɗaura musu yana can a ɓoye da ransa. Duk sharaɗin da na lissafa maka an take shi a nan: an kashe kai, an kashe mata da yara, an kashe masu salla, ba izinin iyaye, ba shugaba na halal. In kana neman waɗanda suka gaji zuciyar mayaƙan da a zamanin nan, ka duba 'yan sintirin ƙauyukan kan iyaka, manoma da mafarauta masu kwana a bakin gari da baka da adda da fitilar hannu. Suna jin tsoro, suna da 'ya'ya, suna so gari ya waye su tafi gona. Akwai cikinsu waɗanda suka tare mai ɗauke da bam kafin ya kai kasuwa ko masallaci, abin ya tashi da su. Da yawa sun bar mata da marayu a Mora da Kolofata da ƙauyukan kewaye, kuma in kai da abokan hawanka kuka tambayi masu unguwannin can za a nuna muku gidajen, ku kai musu abin da ya sawwaƙa kafin Sallah ta zo.